Mota da makwanci: lissafin da ake yi kafin a murza makulli

Wanda ya zo ƙasar waje, da zarar ya yi 'yan watanni ya fara gane gari, sai sha'awar zagaya ƙasa ta kama shi. Hutu ya zo, abokan karatu ko na aiki sun ce a ɗauko mota haya a fita, ko kuma iyali sun gaji da zaman ɗaki. Ni kaina ina ba sababbin zuwa ƙwarin gwiwa a kan haka, domin ba ka sanin ƙasa ta tagar jirgin sama. Sai dai yawancin waɗanda na ga sun dawo suna cizon yatsa lissafi iri ɗaya suka yi: sun ga kuɗin mota na rana ɗaya a waya, sun ga kuɗin ɗaki na dare ɗaya, suka ninka da yawan kwanaki, suka ce shi ke nan. Wannan adadin a bakin ƙofa ya tsaya, bai leƙa cikin gida ba.

Mu fara da lasisi, don idan babu shi sauran maganar ta zama hira. Ƙasashe da yawa suna barin sabon zuwa ya yi tuƙi da lasisin ƙasarsa na ɗan lokaci, amma wa'adin ya bambanta: wanda ya zauna Birtaniya yana da wata 12, na Jamus wata 6. Takardar nan da ake kira lasisin tuƙi na duniya kuwa fassarar lasisinka ce kawai, ba ta aiki sai tare da na asalin, kuma ƙasar da ta ba ka lasisi ita ce ke ba da ita. Iri biyu aka fi amfani da su, ta yarjejeniyar Janiba ta 1949 da ta Biyana ta 1968, kuma akwai ƙasashe kamar Japan da ta 1949 suke karɓa. Ka bincika tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai motar. Farashin da ke kan allo na mota ne tsirara, sauran kuma a bakin kanta ake lissafo maka su ɗaya bayan ɗaya, lokacin da kayanka ke ƙasa, yara na jan rigarka, ba ka da halin juyawa. Idan shekarunka ba su kai 25 ba, yawancin kamfanoni za su ƙara maka kuɗi a kowace rana. Direba na biyu yana da nasa kuɗin. Kujerar yaro, wadda doka ta tilasta a ƙasashe da dama, ita ma a kullum ake caji, har ta kai idan tafiyar ta yi tsawo gara ka sayi taka. Ɗaukar mota a filin jirgi ya fi tsada a kan ɗaukarta a cikin gari. Idan za ka ɗauka a wani birni ka ajiye a wani, akwai kuɗin mayar da ita, wanda wani lokaci yakan zarce hayar kanta. Shi ya sa tafiyar da ta zagaya ta dawo inda ta faro ta fi sauƙi ga aljihu. A Turai mota mai giyar hannu ta fi araha kuma ta fi yawa, a Amurka kuwa kusan duk motocin haya otomatik ne. In tafiyarka ta Birtaniya ce ko Ayalan ko Ostareliya, inda ake bin hannun hagu, ni dai shawarata ka biya ƙarin ka ɗauki otomatik. Koyon sabon hannu da canza giya da hagu a rana ɗaya ya yi wa mutum yawa. Ka kuma duba ko an ƙayyade maka kilomita, kuma ko an yarda ka ƙetare iyaka da motar.

Inshora ce wurin da ya fi rikita mutane. Wadda ke cikin farashin takan bar maka wani kaso da za ka biya daga aljihunka idan motar ta samu ko ƙwarzane ne, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar taya da gilashi da ƙarƙashin mota. A kanta za a yi maka tayin wadda ta share wannan kaso, da tsada. Akwai kamfanonin inshora na daban da ke sayar da irinta da rahusa, amma da sharaɗin kai za ka fara biya sannan ka nemi a maido maka. Kowacce ka zaɓa, ka zaɓe ta a gida kana zaune cikin natsuwa.

Abin da ya fi kayar da sabon zuwa kuwa shi ne kuɗin jingina. Kamfanin zai riƙe wani adadi a katinka har sai ka dawo da mota. Ba a cire su ba, amma ba za ka iya taɓa su ba, kuma sakinsu kan ɗauki kwanaki bayan ka mayar. Da yawa ma ba sa karɓar katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusu, sai katin bashi mai sunan direban, wanda sabon zuwa bai cika samun sa da wuri ba. Otal ma yakan riƙe nasa, haka injin biyan kuɗi na gidan mai yakan riƙe wani abu kafin ya saki mai. A tafiyata ta farko na isa masauki da dare, da kuɗina a asusu bisa lissafin takarda, amma kati ya ƙi wucewa, saboda kamfanin mota ya riƙe kaso mai tsoka, gidan mai ya riƙe nasa. Sai da abokin tafiya ya rufa min asiri. Tun daga ranar nake raba kuɗin tafiya gida biyu: waɗanda za a kashe, da waɗanda za a riƙe. In da hali, kowanne a katinsa.

Lissafin mai shi ne mafi sauƙi, in an yi shi da gaskiya. A ce taswira ta nuna kilomita 2,000, motar kuma tana shan lita 7 a kowace kilomita 100: lita 140 ke nan. Sai ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar, domin taswira ba ta san za ka ɓata hanya ba, ba ta san za a ce a ratse a ga wani tafki ba, kuma mota cike da mutane da kaya ta fi sha. Ka lura da ma'auni: Amurka da Birtaniya da mil suke auna hanya, mil ɗaya kusan kilomita 1.6 ne, kuma a Amurka da galan ake sayar da mai, galan ɗaya lita 3.8 ne in an cike lissafi. Gidajen mai na kan babbar hanya sun fi tsada. Ka ɗan ratse cikin gari. Wajen karɓar mota ka nemi tsarin da za a ba ka tanki cike ka mayar cike, ka cika da kanka kusa da wurin ajiyewa, ka riƙe rasit.

Wani ɗan gargaɗi da ya shafe mu musamman: mu da bakinmu ya saba kiran dizal da sunan gas, a Amurka idan aka ce gas fetur ake nufi. A Faransa kuma gazole dizal ne. Launin kan famfo ma ba abin dogara ba ne, don kore a Birtaniya fetur ne, a Amurka kuwa galibi dizal. Zuba wa mota man da ba nata ba kuskure ne da inshorar haya ba ta cika ɗauka ba. Ka karanta abin da aka rubuta a murfin tanki.

Hanyar ma ba kyauta ba ce a ko'ina. A Faransa da Italiya ana biya gwargwadon nisan da ka yi a babbar hanya, kuma a doguwar tafiya kuɗin na iya kusantar na mai. A Jamus ƙananan motoci ba sa biya. Siwizalan da Ostiriya da izini na musamman suke aiki, wanda ake saya kafin a hau babbar hanya. Na Siwizalan faran 40 ne na kuɗin ƙasar, na shekara guda, ko da rana ɗaya za ka ratsa, yayin da Ostiriya ke da na kwana 10. A Fotugal da wasu jihohin Amurka akwai hanyoyin da babu shinge sam, kyamara ce ke ɗaukar lamba, daga baya kamfanin haya ya caje ka ya ɗora ladan aikinsa. Landan tana karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari tun 2003. Tsofaffin unguwannin biranen Italiya kuwa suna da alamar ZTL, wadda ke nufin ba kowace mota ce za ta shiga ba. Babu mai tsayar da kai, tarar ce za ta biyo ka gida.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa. Mutane suna lissafin masauki daban, na mota daban, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ɗaki a tsakiyar babban birni yana da tsada, sannan motar ma sai ka biya mata makwanci, ga cunkoso, ga kuɗin shiga. Mota a irin wannan birni kaya ce: kana biyan hayarta tana zaune, kana kuma biyan wurin zamanta. Don haka idan tafiyar za ta fara da kwana uku a babban birni, kada ka ɗauko motar sai ranar fita; ka yi yawonka da jirgin ƙasa da bas. Idan birnin a tsakiyar tafiya yake, ka kwana a bayan gari kusa da tashar jirgi, inda fakin ke zuwa kyauta tare da ɗaki. Amma kada neman araha ya kai ka ƙauyen da sai ka yi awa guda zuwa, awa guda dawowa kullum, don abin da ka rage a ɗaki mai zai cinye shi, ya haɗa da lokacinka.

Haka kuma yawan kwanakin da za ka biya ya dogara ne da iya tuƙin da jiki zai ɗauka. A takarda mutum jarumi ne, sai ya rubuta awa 12 a rana don ya rage dare ɗaya na otal. Ka tuna dokar Tarayyar Turai ta hana direbobin manyan motoci, waɗanda sana'arsu ke nan, wuce awa 9 a rana a bisa ƙa'ida, kuma sai sun huta minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Kai da kake baƙon hanya, awa biyar ko shida sun ishe ka. Wanda ya matse lissafi yakan ƙare da kama ɗaki da tsakar dare a duk farashin da aka yanka masa, don gajiya ba ta ciniki.

Shi ma farashin ɗaki sai ka bi shi har shafin ƙarshe kafin ka kwatanta. A Amurka haraji yakan zo ne a kan farashin da aka fara nuna maka, wasu otal-otal kuma, musamman a Las Vegas, suna da wani kuɗin dole na kowane dare. Birane da yawa a Turai suna karɓar harajin baƙi. Na Amstadam ya kai kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun 2024. Wurare da yawa da yawan mutane suke yanka farashi, kuma suna da iyakar waɗanda za su kwana a ɗaki, saboda haka kada ka rubuta mutum biyu ku iso ku biyar. Gidajen da ake kamawa ta Airbnb, manhajar hayar gidaje na 'yan kwanaki, suna yawan zuwa da kuɗin shara wanda sau ɗaya ake biya. A dare ɗaya asara ce, a dare huɗu kuwa, ga iyali ko ayarin abokai, sun fi otal, tunda akwai kicin da injin wanki. Wannan ma dalili ne na yada zango a wuri ɗaya a riƙa fita ana dawowa, maimakon sauya gado kullum. Mai tafiya shi kaɗai ɗakin haɗaka na matafiya ya fi masa. Kwana cikin mota kuwa kada ka sa shi a lissafi, don wurare da yawa sun hana.

A lokacin da kowa ke tafiya, kamar Yuli da Agusta a Turai ko ƙarshen Nuwamba a Amurka, ka kama ɗakunanka tun da nisa. Na fi son biyan ɗan ƙari a kan ɗakin da za a iya sokewa kyauta, domin tafiyar mota ba ta cika bin jadawali ba. Daren farko da na ƙarshe dai kada ka bar su a buɗe ko wane lokaci ne. Idan za ku iso bayan magariba, ka tambaya ko akwai mai karɓar baƙi, don ƙananan masaukai suna rufe kanta da wuri.

In ƙasar da za ka shiga kuɗinta daban ne, injin biya zai tambaye ka ko ya caje ka da kuɗin ƙasarka. Ka ce a'a, ka zaɓi kuɗin wurin. Canjin da injin ke yi kusan kullum ya fi na bankinka muni. Idan kuma tafiyar ta haɗin gwiwa ce, ku yi maganar kuɗi tun kafin a tashi, ko da da nauyin baki: wa zai sa katinsa a jingina, yaya za a raba mai da kuɗin hanya, kuma in tara ta zo wa zai ɗauka. Ku tara asusu ɗaya a hannun mutum ɗaya, ya riƙa rubutawa.

Ranar karɓar mota ka zagaye ta da waya, ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane, da tayoyi, da allon mai da na kilomita, ka sa a rubuta a takarda. Ranar mayarwa ka maimaita, kuma ka kiyaye sa'ar da aka yanka maka, don hayar da awa 24 ake ƙirga ta, makara kaɗan na iya zama kuɗin yini guda. Bayan ka dawo gida kada ka yi saurin kwashe abin da ya rage a katin. Ka bar wani abu a ciki na 'yan watanni, ka ajiye hotunan da rasit-rasit ɗin, domin kuɗin hanyar da kyamara ta ɗauka da takardun tara sukan iso ne bayan ka manta da tafiyar.