Darasi na Bakwai: Yadda Tsutsar Tsargiya Take Gano Mutum a Cikin Ruwa

Kowa ya san tsargiya, ciwon da ke sa yaro fitsarin jini. Wata tsutsa ce mai faɗin jiki take kawo ta, tana zaune a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin ta a Alƙahira a shekarar 1851. Darasinmu na yau a kan 'ya'yan wannan tsutsa ne. Ba su da ido, ba su da hanci, amma suna nemo mutum a cikin tafki guda. Ta yaya?

Idan mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar yana fita tare da fitsarin, ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ɗan mitsitsi ne mai gashi a duk jikinsa, da shi yake iyo. Wannan bai damu da mutum ba, dodon koɗi na ruwa yake nema. A tsinin kansa akwai wani ɗan tudu mai jijiyoyin ji, da shi yake ɗanɗana ruwa. Da ya ji yauƙin da dodon koɗi ke fitarwa, sai ya daina tafiya miƙe, ya riƙa kewaye wurin har ya manne. In bai samu ba cikin yini guda, ya mutu.

A cikin dodon koɗi yake hayayyafa. Bayan mako 4 zuwa 6, sai dubban 'ya'ya su fara fitowa, kowanne da wutsiya mai reshe biyu, tsawonsa kusan rabin milimita. Waɗannan su ne masu shiga jikin mutum, don haka mu tsaya a kansu.

Masana sukan jiƙa su da wani sinadarin azurfa, su duba a madubin likita. Sai a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jere, sun yi yawa a bakin kai, wasu a gefen jiki, wasu a wutsiya. Kowane ɗigo ƙurji ne ƙarami, da yawansu da gashi ɗaya a tsakiya, jijiya tana haɗe da shi ta ciki. Aikinsu kamar na gashin bakin kyanwa ne a cikin duhu. Tsarin jerin ya bambanta daga irin tsutsa zuwa wani iri, har masana na bin sa su rarrabe su.

Ga abin da ke faruwa idan ka sa ƙafa a ruwa. Inuwarka ta faɗa a kan ɗan tsutsar, ruwan ya motsa, sai ya ƙara saurin iyo. Da ya taɓa fatarka, sai ya ji ɗumi da ɗanɗanon jikin mutum, ya manne, ya riƙa rarrafe yana neman inda zai shiga. Maiƙon da ke kan fata shi ne alama ta ƙarshe. Da ya ji shi, sai ya zubo wani ruwa mai narkar da fata, ya kutsa, ya bar wutsiyarsa a waje. 'Yan mintoci sun ishe shi. Ba sai da rauni ba, ba kuma sai an sha ruwan ba. Wani zai ji ƙaiƙayi, wani ba zai ji komai ba.

'Ya'yan tsutsar sun fi fitowa daga dodon koɗi da hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da zafi ke kora yara kududdufi, mata na wanki a bakin rafi, mai noman rani yana tsaye cikin ruwa a fadama. Amma suna da rauni guda: ba sa cin abinci a ruwa, galibi ba sa wuce kwana 2 a raye. Saboda haka a ɗebi ruwan wanka a ajiye shi kwana 2 cikakku a mazubin da babu dodon koɗi, ko a tafasa shi a bar shi ya huce. Manomi da masunci su sa dogon takalmin roba. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa.

Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Wannan magana tana cutar da yaranmu ƙwarai. Ciwo ne mai rage jini, mai lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe, yana kuma kama 'yan mata. Maganinsa Praziquantel, ana samu a asibiti, ana kuma raba shi a makarantu. Bayan an sha, wanda ya koma ruwan zai iya sake kamuwa.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya rubuta sunayen wurare 3 da mutanen garinsu ke shiga ruwa, da lokacin da aka fi shiga. A darasi mai zuwa kowa zai karanta nasa.