Yadda ake aika rahoton minti biyu daga Akra zuwa kunnen mutumin Damagaram

'Yar ƙanwata ce ta tsare ni a ƙofar gida a unguwar Nima da ke Akra, ina shan koko da ƙosai. Ta gama karatun jarida, tana kuma karanta labarai a wata ƙaramar tashar FM. Ta ce, "Kawu, ni ma so nake a riƙa jin muryata a Kano da Yamai kamar yadda aka ji taka. Ta ina ake farawa?" Na ce ta bari in gama karin kumallo. Abin da na gaya mata a safiyar nan shi na zauna na rubuta, don ba ita kaɗai ke tambaya ba.

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aika wa wani gidan rediyon ƙetare rahoto da Hausa daga Gana. Na fara da rikoda mai kaset da batir huɗu, na gama da wayar hannu. Kayan aiki sun sauya sau uku a hannuna, amma mutumin da nake yi wa magana bai sauya ba, kuma da shi za ki fara.

Ki zaɓi mutum ɗaya ki ajiye shi a ranki. Nawa wani mai shayi ne da na ƙirƙira a Damagaram, rediyonsa rataye a jikin tebur, yana fasa ƙwai yana saurare. Bai taɓa zuwa Gana ba. Abin da ya sani a kanta goron Gwanja ne da ƙwallon ƙafa, sai wani kawunsa da ya dawo gida lokacin korar baƙi ta 1969, zamanin Firayim Minista Busia. Duk jimlar da na rubuta sai na tambayi kaina ko mai shayin nan zai gane ta hannunsa na cikin aiki. Idan na ce "an yi zanga-zanga a Circle", ban gaya masa komai ba. Sai dai in ce "a babban shataletalen Kwame Nkrumah da ke tsakiyar Akra". Idan na ce galamsey, dole in bi da "wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba". Dumsor kuwa ɗauke wuta ce da kawo ta, shi ma ya san ta da wani suna. Hatta sunan garin yana da tarko. Tsofaffinmu Ankara suke kiran Akra, ni ma da shi na tashi a bakina, har ranar da editana ya bugo waya yana dariya ya ce masu sauraro na tambaya yaushe aka mayar da ni Turkiyya.

Hausarmu ta zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Gana, ita ma sai kin sa mata ido. Ba na cikin masu cewa gurɓatacciya ce, harshen uwata ne. Amma mu a nan ba mu damu da bambanta mace da namiji a jimla ba, kuma in muka ce makaranta ta allo muke nufi, alhali Bakano zai ɗauka ta boko ce. A rubutunki ki bi daidaitacciyar Hausa. Muryoyin mutanen da kika ɗauko kuwa ki bar su yadda suke, su ne gishirin rahoton. In mai magana ya cika surka Turanci da Twi, harshen mutanen Asante, kada ki ce masa ya gyara Hausarsa, zai daskare. Ce masa za ki yi, "Baba, a ce kakarka ce kake yi wa bayani, yaya za ka faɗa?" Sau tari amsa ta biyu ita ce mai shiga iska.

Kafin ki fita ɗaukar komai, ki sayar da labarin. Editan da ke zaune a Turai ko Abuja yana da wakilai da yawa da minti kaɗan, don haka layi uku za ki tura masa: me ya faru, me ya sa mutumin Najeriya ko Nijar zai damu, muryar wa za ki kawo. Layi na biyun nan ne ke kayar da sababbi. Sauyin ministoci a Akra ba ya motsa kowa a Sakkwato. Amma lokacin da Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika na Christ the King a ranar Ista ta 2019, yana cika shekara ɗari, ba wanda ya nemi a yi masa bayanin muhimmancinsa. Farashin goro, rikicin makiyaya da manoma a Agogo, takaddamar 'yan kasuwar Najeriya da na Gana kan shagunan sayar da kaya ɗai-ɗai, jigilar alhazai, duk waɗannan suna da ƙafar tafiya. Ki tuna kuma agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa guda. Na taɓa rasa shirin rana sukutum saboda edita ya ce "ƙarfe biyu" ban tambaye shi na wace ƙasa ba.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi, wato adadi. A farkon aikina gobara ta tashi a wata kasuwa a Kumasi. Na isa hayaƙi bai lafa ba, wani mai ɗaukar kaya ya rantse mini ya ga an fito da gawa biyar. Na biyu ya ce haka ya ji. Na ruga ofishin waya, na yi layi, na aika. Washegari ta bayyana ba wanda ya mutu, mutanen da aka ɗauko suma suka yi. Wata mata a Zariya da ɗanta ke da shago a kasuwar ta kwana tana kuka saboda ni. Ba a kore ni ba, amma na yi wata uku edita na tambayata "wa ya faɗa maka?" a kan kowace kalma, kuma da gaskiyarsa. Daga ranar na kafa wa kaina doka: adadin mamata daga bakin asibiti, 'yan sanda ko hukumar agajin gaggawa kaɗai yake fitowa, kuma in faɗi wanda ya bayar. Mutum biyu da suka ji daga mutum ɗaya majiya ɗaya ce. Ki tambayi kowa, ganau ne kai ko jiyau?

Dokar nan ce ta riƙe ni a daren 9 ga Mayu, 2001, da aka yi turmutsutsu a filin wasa na Akra bayan an harba barkonon tsohuwa a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. A daren, kowane baki da nasa lissafin. Da yawa cikin waɗanda suka rasu yaran zango ne, wasu na san iyayensu. Na tafi asibitin sojoji na 37 na tsaya cikin masu neman 'yan uwansu. Abin da na aika a rahoton farko shi ne abin da idona ya gani da abin da jami'ai suka tabbatar zuwa lokacin, na kuma ce adadin na iya ƙaruwa. Daga baya ƙidayar hukuma ta tsaya a 126. A wuri irin wannan ba a cusa wa uwa makirfo a baki. Rikoda na cikin jaka, na yi gaisuwa, na zauna. Wani dattijo da kansa ya ce, "Ɗan jarida, kunna abinka, ina so 'yan uwana na Arewa su ji." Muryarsa ta daƙiƙa ashirin ce ta ɗauki rahoton.

Zaɓe ma haka yake. A 2008 an yi zagaye na farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 7 ga Disamba, na biyu ranar 28, sannan ƙasa gaba ɗaya ta zuba wa mazaɓar Tain ido har 2 ga Janairu. Magoya bayan kowane ɓangare na murna a titi, kowa da takardar lissafinsa. Tazarar da ta raba Atta Mills da Akufo-Addo ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wakili a irin wannan mako aikinsa ya ce "jam'iyya kaza ta yi iƙirari", ya jira shugaban hukumar zaɓe, Kwadwo Afari-Gyan a lokacin, ya buɗe baki. Ko dangi sun bugo suna cewa ai kowa ya sani, ki jira.

Akwai kuma wani tarkon adadi a Gana. A Yulin 2007 aka sauya kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya. Har yau in kika shiga Kejetia ko Makola kika tambayi farashin buhu, wata za ta ce miki miliyan uku, tana nufin sidi ɗari uku. Ki tabbatar da tsohon lissafi take yi ko da sabo. Sannan ki juya wa mai shayina kuɗin zuwa naira ko sefa da canjin ranar, in ba haka ba lamba ce kawai ta wuce ta kunnensa.

Shiga wurin manya kuma da ladabinsa. A fadar Manhyia ba a yi wa Asantehene, babban sarkin Asante, magana kai-tsaye, ta bakin okyeame ake bi, wato mai magana da yawun sarki, haka ma a fadar ƙananan sarakunan Asante. A gidan sarkin zango ko na limami, ki fara da gaisuwa cikakkiya, ki sami wanda zai gabatar da ke, ki bar rikoda sai an ce bismilla. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa littafin lambobin wayata ya fi kowace na'ura daraja a wurina. A cikinsa akwai direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ma'aikaciyar jinya, mai wankan gawa, ɗan kamasho a tashar manyan motoci da ke zuwa Wagadugu. Ki riƙa kiransu ranar da ba ki neman komai.

Sauti kuwa, magana kaɗan ce. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama kafin ki fara ɗauka, don kira ɗaya na iya katse hirar da ba za ta maimaitu ba. Makirfo ya yi nisan taƙi ɗaya daga baki. A bakin teku, Jamestown ko Chorkor, ki sa masa safa saboda iska. Ki ɗauki daƙiƙa talatin na hayaniyar wurin ita kaɗai, za ki shimfiɗa ta ƙarƙashin muryarki. Naki karatun ki yi shi a ɗaki, fanka a kashe. Ni cikin kabad ɗin tufafin matata nake cusa kai, in fito sharkaf da gumi, yara na leƙe suna ƙyalƙyata dariya. A Nima ki san lokutan kiran salla da na janaretan maƙwabta. In za ki tura ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, saƙon murya yana matse sautin.

Rubutun kansa na kunne ne. A bakina kalma 130 zuwa 140 ke cika minti ɗaya, ki auna naki da agogo. Rahoton minti biyu mai murya biyu ya bar miki abin da bai fi kalma 170 ba. Ki rubuta wa mai gabatarwa jimla biyu na shimfiɗa, kada kuma ki maimaita su a farkon naki. Abu mafi sabo a gaba, tarihi jimla ɗaya a tsakiya. Ki karanta da ƙarfi, duk inda numfashi ya yanke miki, jimlar ce ta yi tsawo. Kuma kada ki fassara sanarwar gwamnati kalma da kalma. Karanta ta, kife takardar, ki faɗa wa ƙanenki abin da ta ce, ki rubuta abin da ya fito daga bakinki.

Sai maganar soli. Kin san shi, ambulan ɗin da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Ba zan yi miki ƙarya ba, na karɓa sau biyu a shekarata ta farko, lokacin ladan rahoto kan yi wata biyu bai iso ba. Mutumin da ya ba ni na biyun ya bugo bayan mako uku yana neman in sassauta wani labari, na kuwa ji harshena ya yi nauyi. Baki in ya ci, ido sai ya ji kunya. Gidajen rediyon ƙetare suna sallamar mutum a kan wannan. Mafita ita ce ki san tun farko cewa yawancin wakilai da adadin rahoto ake biyansu, wata mai albarka da wata busasshe. Kada ki saki aikinki na FM sai ƙafarki ta kafu, ki kuma nemi a rubuta miki nawa ne ladan rahoto, wa ke biyan kuɗin tafiya da na data.

Gana ta fi wurare da yawa sauƙin aiki. An soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a 2001, an kuma sami dokar 'yancin samun bayanai a 2019. Amma a Janairun 2019 ɗin aka harbe Ahmed Hussein-Suale a Madina, mai binciken ƙwaƙwaf, ɗan unguwanninmu. In za ki ramin galamsey ko gangamin siyasa, wani ya san inda kika tafi da lokacin da za ki dawo, katin shaidarki na aljihu, kuma ki lura da hanyar fita kafin ki kunna rikoda.

Ta tambaye ni yadda za ta sa a san da ita. Sassan Hausa na nan da yawa: na BBC da ya fara a Maris 1957, mako guda bayan Gana ta sami 'yancin kai, da na Jamus, da na Faransa, da wasunsu. Na ce ta haɗa rahoto uku ba tare da kowa ya sa ta ba, ɗaya na kasuwa, ɗaya na siyasa, ɗaya na rayuwar zango, kowanne minti biyu cif, ta tura da gajeriyar wasiƙa. Shiru zai biyo baya, ta sake turawa ranar da babban labari ya fashe a Akra, lokacin da edita ke neman murya ido rufe.

Jiya ta kawo mini na farkon, a kan matan da ke dakon kaya a Agbogbloshie. Minti uku da rabi ne, kuma ta ce wata yarinya na samun "dubu ɗari biyu" a rana. Na tambaye ta da wane lissafin. Ta ɗan yi shiru, ta ɗauki jakarta ta nufi tashar trotro.