Kurakuran da aka fi yi wajen auna sinadaran ƙwaƙwalwa a binciken raɗaɗi kan ɓeraye

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a niƙe ƙwaƙwalwar ɓera ɗungurum, a auna serotonin ko gulutamet ɗin da ke ciki, wato sinadaran da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da su, sannan a ce ga abin da raɗaɗi ya haifar. Galibin sinadarin yana ajiye ne a cikin ƙwayoyin jijiya bai fita aiki ba, kuma canjin da ya auku a ɗan ƙaramin yanki yakan ɓace cikin tarin nama. Gyaran shi ne a ware yankin da abin ya shafa, kamar laka, ko yankin tsakiyar ƙwaƙwalwa wanda David Reynolds ya nuna a 1969 cewa taɓa shi da lantarki yana kashe zafi a jikin ɓera.

Jinkiri bayan mutuwar dabba ma yana ɓata sakamako, domin cikin mintuna kaɗan sinadarin saƙo na GABA yakan ƙaru, na asetilkolin kuma ya ragu. A daskarar da naman nan take, a adana shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili.

Masu amfani da maikurodayalisis, wato siririn bututun da ake sokawa a ƙwaƙwalwar dabba mai rai, ruwa yana bi ta cikinsa yana kwaso sinadarai, wanda Urban Ungerstedt ya shahara da shi a Suwidin tun shekarun 1970, su ma ba su tsira ba. Soka bututun rauni ne, saboda haka abin da ya fara tsattsafowa na raunin ne, kuma wajibi ne a jira ma'aunin ya daidaita kafin a jawo ciwo. Bututun kuma ɗan kaso kawai yake kamawa na abin da ke tsakanin ƙwayoyin, don haka sai an auna wannan kason. Inda na ga an fi yin sakaci shi ne lokaci. A gwajin fomalin na Dubuisson da Dennis na 1977, inda ake yi wa ɓera allurar sinadarin fomalin a tafin ƙafa don jawo zogi, zogin farko yakan lafa cikin kimanin minti 5, ɓeran ya ɗan huta, sannan zogi na biyu ya taso bayan kamar minti 15. Wanda yake tara ruwa kowane minti 20 ya cakuɗa matakan uku a kwalba ɗaya. Gulutamet kuwa yana da tasa rigimar, tunda wani kasonsa daga giliya yake fitowa, wato ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi. A zuba tetrodotoksin, gubar da ke hana jijiya aika saƙo, ko a cire kalsiyam daga ruwan bututun, in bai ragu ba, to da wuya a ce jijiya ce ta sake shi.

Saura halin da dabbar take ciki. Ketamin, maganin sa barci da ake ba dabbobi, yana toshe masu karɓar gulutamet na NMDA, waɗanda raɗaɗi ke bi ta kansu, tsoro kuma da kansa yana rage jin zafi. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano cewa warin jikin namiji mai gwaji kaɗai yana tayar da hankalin ɓeraye har ya dushe musu zafi. A saba wa dabbobin da hannu na kwanaki, a riƙa yin gwajin a sa'a ɗaya kullum, a kuma rubuta wanda ya riƙe su.