Idan Wuta Ta Tafi Ta Ƙi Dawowa

Kafin ka zuba kuɗinka a man janareta, fara gano wace irin ɗaukewar wuta ce ta same ka, domin shirin kwana ɗaya daban yake da na mako biyu. Leƙa waje. In layinku kaɗai ne a duhu, tsallaken titi na da wuta, to fis ne ya tsinke, ko taransifoma ta samu matsala, ko an yanke waya. Wannan maganar kamfanin rarraba wuta na yankinku ce: KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, sai na Jos da na Yola. In kuwa ka buga wa ɗan'uwa a wata jiha ya ce su ma tun ƙarfe kaza babu, to abin daga sama ne, kuma kashi biyu ne.

Na farko shi ne faɗuwar babban layin ƙasa. Lantarki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu; abin da tashoshi suka samar a wannan daƙiƙar, a cikinta ake shanye shi. Duk injinan ƙasar tare suke juyawa a kan bugu 50 a daƙiƙa, ana sa musu ido daga cibiyar kula da ke Osogbo. Ka ɗauka mutum goma ne suka tallabi gungume, biyu suka saki ba zato. Haka ake yi idan iskar gas ta yanke wa wata babbar tasha kamar Egbin ta Legas, ko wani babban layi ya katse: nauyi ya koma kan sauran injinan, bugun ya yi ƙasa, kowane inji ya cire kansa don kada ya ƙone, cikin daƙiƙoƙi ƙasa ta yi duhu. Abin da ke tare irin wannan shi ne injinan ko-ta-kwana masu juyawa da rarar ƙarfi, mu kuwa abin da ake samarwa, megawat dubu huɗu zuwa biyar a yawancin ranaku, bai ma ishi buƙata ba balle a bar rara. Duk da yawan surutun da ake yi a kanta a rediyo, wannan ita ce mai sauƙin. Ana sake tayar da layin daga tashoshin ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro, a riƙa ɗora garuruwa ɗaya bayan ɗaya, galibi cikin sa'o'i ko kwana guda.

Na biyu shi ne mai tsawon rai: a karya turakun ƙarfe masu ɗauke da manyan wayoyi. Arewa tana can ƙarshen dogayen layuka ne, hanyoyin da wuta ke biyowa zuwa gare ta kuma ba su da yawa. A watan Oktoban 2024 layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, rashin tsaro ya hana injiniyoyin TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, shiga dajin, aka dogara da layin Ugwuaji zuwa Apir, mai taso wa daga Inugu ya bi ta Makurɗi. Da shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako a duhu. Maiduguri ta ga wanda ya fi haka bayan an tarwatsa turakun layin Damaturu a farkon 2021. Mutanen Yamai kuma sun ga na siyasa, lokacin da Nijeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Saboda haka in ka ji sanarwa ta ambaci turaku, ko ta ce ana jiran rakiyar jami'an tsaro, yi shirin mako biyu.

Yawancin mutane gidan mai suke fara nufa. Kuskure ne, ruwa ne kan gaba. Rijiyoyin burtsatsen da 'yan garuwa ke ɗiba da wuta suke aiki, a rana ta biyu kuɗin kura zai tashi, a ta uku sai ka yi ta kira ba mai juyowa. Lissafa lita 15 ga kowane mutum a rana, sha da girki da tsarki, ban da wanki. Gida mai mutum takwas lita 120 ke nan, kusan jarka biyar mai lita 25. Cika duk abin da ke da murfi tun ranar farko, a ware na sha a randa da moɗa guda mai tsabta. Ruwan da ba ka san asalinsa ba a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In a layinku akwai mai burtsatse, ya fi araha a haɗa kuɗin mai a tayar da famfonsa awa biyu kowa ya ɗiba. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya wat 750 yake ci, amma lokacin tashi yana jan ninki uku, don haka sai janareta mai kVA 2.5 ko 3.

Sai firiji. Wanda ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu; firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. Duk buɗewa ragi ce, yara kuma su ne manyan masu buɗewa, a gaya musu. Tun ana da wuta a saba cike gurbin da ba komai da ledojin ruwa, ƙanƙararsu ce za ta riƙe sauran. Nama kada a jira shi ya narke: a daren farko a tafasa da gishiri, a soya shi ƙarau, a bar shi cikin mansa. Wanda ya narke ya yi ɗumi fiye da awa biyu a zubar, ko da hanci bai ji komai ba. Kifi da madara ba a ma yi musu wannan jinkirin. Tumatir da tattasai a yanka a shanya.

Ga kayan miya akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a kanta a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sosai, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Tururin da ke fita ta jikin babbar tukunyar shi ke janye zafi. A rani da hunturu tana aiki sosai, da damina ba ta taɓuka abin kirki don iska ta riga ta jiƙe. Ɗanyen nama bai dace da ita ba. Mai ciwon suga zai iya ajiye insulin a ciki, a ƙulle cikin leda, ya kuma tambayi likitansa kwana nawa za ta yi a haka.

Janareta ya kashe iyalai da dama suna barci, kuma duk hanya ɗaya ce: an shigo da shi zaure, ko soro, ko ƙarƙashin taga don tsoron ɓarayi. Iskar da ke kisan, wadda ke fita tare da hayaƙinsa, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri da kasala ne alamunta, kuma in mutum biyu suka yi kukan su lokaci guda a fita waje a kashe inji. A ajiye shi a fili, mita shida ko fiye daga ƙofa da taga, salansa na kallon waje, a ɗaure da sarƙa. Kada a zuba mai yana aiki ko yana da zafi, a ba shi minti goma sha biyar. Kada kuma a cusa wayarsa cikin soket ɗin bango. Sai da canja-oba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta kamfani, wanda ƙwararre ya haɗa, in ba haka ba wutarka za ta bi waya ta koma kan fal, ta kashe mai gyaran da ya hau yana ganin layi a mace yake. Mai kVA 2.5 yana shan kusan lita ɗaya a awa, don haka a tsara shi: awa uku da safe, uku da dare, a haɗa firiza, famfo da caji duk a lokacin. Baƙin mai a canja shi bayan kowace awa 50 zuwa 100. A mako irin wannan da wuri ake cinye awannin. Ƙananan nan da ake gauraya musu mai, yawanci mililita 20 ne na baƙin mai a litar fetur, a duba abin da aka rubuta a jikin tankin.

Masu inbata su yi lissafi kada su yaudari kansu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma na ruwa rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, inbata kuma ta ci nata, saura kamar 1,000. Fankar silin mai wat 70 guda biyu da ƙwai huɗu masu wat 10 sun kai 180, wato awa biyar da rabi. Sauya su da fankar sola mai wat 20 sai batirin ya kai ka asuba. Dutsen guga da hita ba su da gurbi a nan. Farantin sola kuma a goge masa ƙurar hunturu da sassafe.

A riƙe tsabar kuɗi, domin sabis yakan yi rauni idan dizal ɗin eriya ya ƙare, POS ya tsaya. Da zafin bazara a kula da jarirai da tsofaffi. In gudawa ta kama wani, a haɗa masa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ranar da yara suka yi ihun an kawo wuta, kayan mutane da yawa a ranar suke ƙonewa. Tun farkon ɗaukewar a zare komai daga soket, a bar ƙwai ɗaya a kunne. In ta dawo a ba ta minti goma. Ƙwan ya yi ja-ja yana lumshewa? Ƙarfin bai cika ba, kada a sa firiji ko famfo, irin wannan wutar ce ke gasa kwamfuresa. In kuwa ya yi haske fiye da ƙima, ko na wani ɗaki ya dushe na wani ya ƙara, to wataƙila an sace wayar nutural a taransifoma lokacin duhun, kuma wutar da ta kamata ta zo a bolt 230 tana iya doshin 400. A ruga a kashe babban makunni, a sanar da maƙwabta, kada a kunna sai mai gyara ya auna.