Yadda za ka kalli ƙwallon ragar jami'o'in Amurka ka gane hukuncin alƙali

Gasar ƙwallon raga ta maza ta jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA ke shiryawa, ana fara ta a Janairu a kammala a Mayu. Tun 1970 ake ba da kofinta. Jami'ar California ta Los Angeles, wato UCLA, ta fi kowa ɗaukarsa, sau 21, kuma 19 daga ciki a hannun koci Al Scates ne. Hawaii ta ɗauka a 2021 da 2022, Long Beach State a 2025. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a Honolulu, a wajenmu ƙarfe shida ne na safe, don haka ni bayan sallar asuba nake kallon nawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a hirar magoya baya shi ne, da an busa usur sai a ce alƙali ya yi son kai. Alhali mu ƙwallo muke bi da ido, shi kuwa ƙafafu da hannuwa yake dubawa. In kana so gardamarka ta yi ƙarfi, koyi kallon inda yake kallo.

Fara da ƙafa. Kowane ɓangare mutum shida ne, uku gaba, uku baya, kuma duk sanda suka ƙwato sabis, wato bugun da ake fara neman maki da shi, sai su juya wuri ɗaya. Kafin a buga sabis, dubi masu karɓa ka gane su wa ke baya a wannan juyin, domin rabin hukuncin da ke ba mutane mamaki daga nan yake tasowa. Akwai layi mita 3 daga raga. Ɗan baya yana da damar doka ƙwallo daga sama, amma sai ya tashi daga bayan layin nan. Ya sauka a gabansa ba laifi, ya taka shi lokacin tashi kuwa maki ya tafi. Ragar maza tsayinta mita 2.43 ne, kuma samarin nan tsallensu na ɗauke hankali, shi ya sa ba mai tuna duba tafin ƙafarsu. Haka mai shirya wa 'yan'uwansa ƙwallo: in yana baya a juyin, ba shi da ikon tarewa a raga, ko tura ƙwallon da ke sama da raga zuwa ɗaya ɓangaren daga gaban layin.

Mai riga daban, libero, wato mai tsaron baya, tun 1998 aka shigo da shi a dokokin wasan na duniya. Ba ya tarewa a raga. In kuma ya ɗaga ƙwallo da yatsu yana gaban layin mita 3, abokinsa ba zai doke ta daga sama da raga ba.

Inda aka fi tada jijiyar wuya shi ne taɓawa biyu, wato mutum ɗaya ya taɓa ƙwallo sau biyu a jere. A taɓawar farko, ko ƙwallo ta bugi hannu ta bugi ƙirji, muddin motsi ɗaya ne, an yafe. A ta biyu ne ake sa ido: hannuwan biyu tare suka taɓa, ko ɗaya ya riga ɗaya? Sau da yawa za ka ji an ce ai ƙwallon ta fita tana juyawa, don haka laifi ne. Dokar ba ta ce haka ba. Taɓawar ake hukuntawa, ba juyawar ƙwallo ba. Rigimar ta yi yawa har a 2024 NCAA ta sassauta wannan doka a gasar mata. Ni abin da nake nema wurin alƙali ɗaya ne: ma'aunin da ya ɗauka a zagayen farko, ya riƙe shi har na biyar, wanda maki 15 ne ba 25 ba, kuma kuskure ɗaya na iya raba gardama. Kada ka manta, taɓawar masu tarewa ba ta cikin taɓawa ukun da aka ba ƙungiya kafin ta mayar da ƙwallo.

Sannan ka haddace alamun hannu, don suna faɗa maka laifin kafin mai sharhi ya buɗe baki. Yatsu biyu, taɓawa biyu. Yatsu huɗu, an wuce uku. Tafin hannu a buɗe ana ɗaga shi a hankali, an riƙe ƙwallo. Ya shafi kan yatsunsa da ɗaya hannun, ƙwallon ta taɓa mutum kafin ta fita. Ya zana da'ira da ɗan ali, an tsaya ba bisa juyi ba. Babban alƙali yana saman dakalinsa, na biyu yana ƙasa a ɗaya gefen yana lura da raga da layin tsakiya, masu tuta suna kusurwa. Duba wanda ya fara busawa, za ka san irin laifin.

In koci ya nemi a duba bidiyo, jira. Ba a sauya hukunci sai hoton ya nuna ƙarara cewa an yi kuskure, kuma taɓawar ɗan yatsa a kan ƙwallon da aka doka da ƙarfi ba kullum kyamara ke kama ta ba. Hukuncin ya tsaya ba yana nufin an tabbatar da shi ba, hujjar rushe shi ce ba ta samu ba. A cikin fili kuma kyaftin kaɗai ke da ikon tambayar alƙali bayani. Wanda ya matsa da surutu katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa zai gani, in ya ƙara a ɗaga masa ja, abokan hamayya su samu maki da sabis.