Ƙaramin harafin "s" da ke kayar da mu a tagwayen kalmomin Turanci

Shekarun da na yi ina duba rubutun 'yan ajin ƙarshe na sakandare sun nuna mini cewa ba manyan kalmomin Turanci ne ke kayar da yaranmu ba. Yaro zai rubuta "notwithstanding" ko harafi ɗaya bai kuskure ba, sai ya zo kan "ups and downs" ya yi tuntuɓe. Abin yana damuna, domin irin waɗannan 'yan kalmomi su ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO, kuma su mutum zai yi ta amfani da su a wasiƙa da wurin aiki har tsufansa.

Wata ɗalibata ta taɓa rubuta insha'i a kan sana'ar mahaifinta, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ta ce: "My father knows the in and out of the market." Na ja layi da jan biro a ƙarƙashi. Da ta zo karɓar littafinta, sai ta tsaya ta ce, "Malam, ai ciki ɗaya ne, waje ma ɗaya ne. Me ya kawo jam'i?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, don ta nuna yarinyar tunani take yi, ba hadda kawai ba.

Na bayyana mata cewa "in" da "out" a asali ƙananan kalmomi ne masu nuna inda abu ya dosa. Amma a wannan jimla Bature ya mayar da su sunaye, ya yi musu jam'i, sannan ya ɗaure su da mahaɗin "and". Da zarar an ce "the ins and outs", an bar zancen ƙofar shiga da ta fita, an koma zancen sanin kowane lungu da saƙo na al'amari: wane dillali ne mai gaskiya, yaushe kaya ke tsada, wa ake ba bashi. Idan ka cire "s" ɗin nan, ma'ana ta koma wani wuri. "He has been in and out of hospital" na nufin mutum yana ta zarya asibiti, yau a kwantar da shi, gobe a sallame shi. Jimlarta daidai ita ce "My father knows the ins and outs of the market."

Haka abin yake tsakanin "up and down" da "ups and downs". Na farkon motsin jiki ne. Wanda matarsa ke ɗakin haihuwa, shi kuma yana safa da marwa a baranda, shi ne "walking up and down". Na biyun kuwa halin rayuwa ne, abin da muke cewa wata rana a sha zuma, wata rana a sha maɗaci. Saboda haka "Every marriage has its up and down" kuskure ne, "ups and downs" ake cewa. Kuma tunda jam'i ne, aikatau ma ya bi sahu: "The ups and downs of business are many", ba "is" ba.

Kuskuren da na fi cin karo da shi ma ba barin jam'in gaba ɗaya ba ne. Rabi ake yi: "ups and down", "pro and cons", "odds and end". A ganina bakinmu ne ya jawo mana wannan. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a jere, shi ya sa muka mayar da "bench" benci, "bank" kuma banki. To idan Bahaushe ya zo furta "downs" ko "ends", sai harshe ya haɗiye harafin ƙarshe, hannu kuma ya rubuta abin da kunne ya ji. Maganin da na ga yana aiki a aji shi ne karatu da ƙarfi, ana jan sautin ƙarshen nan da gangan har ya zauna a baki. Ƙa'idar kuma mai sauƙi ce: idan na farko ya ɗauki "s", na biyu ma ya ɗauka. "Pros and cons", wato alfanu da illa, wanda asalinsa daga Latin ne. "Odds and ends" da "bits and pieces", wato tarkace. "By leaps and bounds", ga abin da ke bunƙasa cikin sauri.

Sai juya tsari. A nan ne nake jin haushin yadda muke koyar da Turanci kamar ba mu da namu harshen, alhali Hausa cike take da irin waɗannan tagwaye. Muna cewa shige da fice, kai da kawo, faɗi-tashi, ruwa da tsaki. Babu Bahaushen da zai ce hukumar fice da shige, ko ya ce wane ya yi tsaki da ruwa a maganar. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, kunne ne ya riƙe. Turanci ma haka yake, har wani masanin harsuna, Yakov Malkiel, ya yi nazari a kansu a 1959, ya kira su tagwayen da ba a juyawa. Don haka babu "downs and ups", babu "cons and pros", babu "forth and back". Sau da yawa gajeriyar kalma ce ke gaba, kamar a "bits and pieces" da "bread and butter", amma wannan taimakon tuni ne kawai, ba doka ba. A yi hattara da inda tsarinmu ya saɓa da nasu: mu mun saba da ango da amarya, su kuwa "bride and groom" suke cewa. Wanda ya ɗauki kowane tagwaye a matsayin kalma ɗaya doguwa, ya haddace ta ɗungurungum kamar karin magana, ya huta.

Mahaɗin da ke tsakiya shi ma ba a musanya shi. Da yake "da" ɗinmu na yin ayyuka da yawa, sai mu riƙa cusa "and" ko'ina. Ko ba jima ko ba daɗe shi ne "sooner or later", ba "sooner and later" ba. Akwai "more or less", akwai "slowly but surely", akwai "now and then" mai nufin jefi-jefi. Har mahaɗan kansu Turanci kan yi wa jam'i. A jawabinsa na farko a matsayin Firaministan Birtaniya, a watan Yulin 2019, Boris Johnson ya ce ƙasarsa za ta fice daga Tarayyar Turai ranar 31 ga Oktoba, "no ifs or buts", ma'ana babu wani idan, babu wani amma. Tunda maganar amma ta shigo, mu kan ce duk da cewa ya makara, amma ya shiga. A Turanci ɗaya ake zaɓa: ko "Although he was late, he entered", ko "He was late, but he entered."

Ɗan waƙafin nan da ake ɗorawa a saman kalma ba alamar jam'i ba ne. "Up's and down's" kuskure ne. A "dos and don'ts" na cikin "don't" ne kaɗai ya zama dole, domin dama can yana wurin.

Akwai kuma sunayen da ba tagwaye ba, amma ba sa fita sai da jam'insu. Duk ranar da aka naɗa wani muƙami ko aka yi haihuwa, Facebook da WhatsApp kan cika da "Congratulation sir". Daidai shi ne "Congratulations". Wanda ya fi taɓa ni shi ne na ta'aziyya, domin a lokacin ne mutum ya fi son maganarsa ta fita tsaf: "Accept my condolences" ake rubutawa. Gaisuwa ita ce "my regards to your family". Musabaha "shake hands with" ce, saboda hannaye biyu ne suka haɗu, ƙulla abota kuma "make friends with". Wando da almakashi da tabarau tilo ne a wurinmu, a wurinsu kuwa jam'i: "trousers", "scissors", "glasses", idan ana son ƙirga ɗaya sai a ce "a pair of". Abin takaicin shi ne harafin da muka hana waɗannan sai mu kai shi inda ba a buƙatarsa. Muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai mu rubuta "advices", "informations", "equipments", "furnitures". Duk huɗun ba sa karɓar "s" a Turancin jarrabawa da na ofis.

Ƙananan kalmomin nan, "up" da "off" da "on" da "out", idan suka raɓi aikatau ma sai an lura. Mu muna da kunna da kashe, kowanne aikatau ne mai cin gashin kansa, shi ya sa ake jin "off the fan" da "on the light". Sai an sa musu aikatau a gaba: "switch off the fan", "turn on the light". Idan kuma wakilin suna ne, tsakiya yake shiga: "turn it off", ba "turn off it" ba. A wasu wuraren kuma ƙari muke yi, kamar "cope up with" da "return back", inda "cope with" da "return" sun wadatar. Na sha jin mai gabatarwa a wurin taro ya ce "let me round up" yana nufin zai kammala jawabi. Kalmar da yake nema ita ce "round off". "Round up" tattaro mutane ko dabbobi ne wuri guda, irin yadda makiyayi ke tattaro shanunsa da yamma, ko yadda 'yan sanda ke yin kame.