Yadda za ka kai yaronka kan sikeli ranar awo ba tare da ka ƙona shi da ƙishirwa ba

Wannan rubutun domin masu horar da yaran sakandare kokawa ne a nan Gombe, da iyayen da yaransu suka shiga harkar. Ba kokawar gargajiya ta dandali nake nufi ba, irin ta kan katifa nake nufi, wadda sai an ɗora yaro kan sikeli an ga ajin nauyinsa kafin a bar shi ya kama kowa.

Abin da ya sa na zauna rubutawa, a watan Maris ɗin da ya wuce da tsakar zafin nan namu na tarar da wani yarona ya naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi a kai yana zagaye fili da rana tsaka yana ta tofar da yawu, ashe tun daren jiya bai sha ruwa ba kuma ya sha filasko don cikinsa ya wanke. Na ce kai me kake yi haka, ya ce "Koci kilo biyu ne suka rage min, jibi awo." Leɓensa duk ya bushe ya tsattsage. Wallahi jikina ya yi sanyi, don na san ba kitse yake zubarwa ba, ruwan jikinsa yake matsewa.

Irin wannan ya taɓa kashe mutane. Tsakanin Nuwamba da Disamba 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka wajen rage nauyi cikin gaggawa, da zufa da hana kai ruwa. Bayan nan aka tsaurara doka, kuma tun kakar wasa ta 2006 zuwa 2007 hukumar da ke rubuta dokokin wasannin sakandare a can, NFHS, ta wajabta tsarin da zan bayyana. Dokarsu ce ba tamu ba, amma lissafin jikin ɗan adam ɗaya ne, ni da ita nake aiki.

Toh fara tun farkon kaka, ba satin gasa ba. A can kafin yaro ya yi wasa ko ɗaya sai an gwada fitsarinsa an ga ya sha ruwa sosai, kaurin fitsarin kada ya wuce 1.025, in ya wuce ba a ma ɗora shi kan sikeli, sai ya je ya dawo wata rana. Dalili, kada yaro ya zo a bushe a rubuta masa nauyin ƙarya. Mu da ba mu da na'urar, launi za ka duba, in fitsarin ya yi fari-fari to da dama, in ya yi ja kamar shayi a ɗaga awon.

Sai a auna kitsen jiki. Namiji ba a yarda ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin ɗari ba, mace kashi 12. Daga nan ake fitar da nauyi mafi ƙanƙanta da zai iya yin wasa a kai duk kakar. Ga lissafin, dan Allah a bi shi a hankali don nan ne gishirin maganar. Yaro kilo 60 ne, kitsensa kashi 15, kenan kilo 9 kitse, saura 51 nama da ƙashi da ruwa. Raba 51 da 0.93 (wato kashi 93 da ya rage in an bar kitse kashi 7), zai ba ka 54.8, to wannan zai iya sauka ajin kilo 55. Amma wani yaron shi ma kilo 60, kitsensa kashi 12, lissafinsa 56.8 zai bayar, kaga shi ajin 55 ba nasa bane ko da kuka zai yi maka, a bar shi a 60 ya ci abinci ya yi ƙarfi. Awon kitsen nan a nemi ma'aikacin lafiya ya yi, kada ka tsaya kana ƙiyasi da ido, yaranmu da yawa dama sirara ne babu abin da za su rage.

Sai saurin sauka, kada ya wuce kashi 1.5 na nauyinsa a sati. Mai kilo 60 kenan gram 900 a sati, daga 60 zuwa 55 kusan sati shida ne. Ni littafi nake da shi, duk Asabar da safe kafin karin kumallo kowa ya hau sikeli ɗaya na rubuta, in kwanan gasa ya zo lissafi bai kai ba shikenan ya yi wasa a ajin sama, ba ciniki.

Abinci kuwa ba yunwa ake sa yaro ba. A rage lemon kwalba, sukarin shayi, soye-soye da malmalar tuwo ta biyu da daddare, a bar masa wake, ƙwai, nono, kifi, ganye, ruwa kuma ya sha iya shansa. In azumi ya faɗo cikin kaka ni dakatar da ragin nake yi gaba ɗaya, horo ya koma bayan shan ruwa, don haɗa azumi da zafin Gombe da rage nauyi ɗaukar alhaki ne.

Abubuwan da dokar can ta haramta ƙarara: rigar roba ko leda, ɗakin turiri, wanka da ruwan zafi don zufa, da maganin sa fitsari. Ni na ƙara da filasko da duk wani maganin wankin ciki.

Ranar awo kuma. A sakandaren Amurka in makarantu biyu ne za su kara, awon baya wuce awa ɗaya kafin wasa, in babbar gasa ce awa biyu, da gangan aka matso da shi don wanda ya busar da kansa ba zai samu lokacin farfaɗowa ba. Kowa na wurin lokaci guda, in ka hau ka wuce sai ka sauka ka sake hawa nan take, ba fita waje a je a yi gudu a dawo. Yaro na iya wasa a ajin da nauyinsa ya faɗa ko na sama da shi guda ɗaya. Su da fam suke awo, ajin maza daga 106 zuwa 285, wajen kilo 48 zuwa 129 kenan, kuma a tsakiyar kaka ana ƙara musu fam 2 saboda yara ne suna girma. Ana duba farce da fata ma, mai makero a jiki ba zai hau katifa ba, don haka ka duba yaranka tun sati guda kafin tafiya.

A gasar duniya da kilo ake awo kuma sikeli baya jin roƙo. A Olamfik na Faris 2024 an cire Vinesh Phogat ta Indiya ranar wasan ƙarshe saboda gram 100 da ta ɗara a ajin kilo 50. Shi yasa nake so yaro ya kwana da rarar gram 300 ko 400 ƙasa da ajinsa, don sikelin gida da na wurin gasa ba kullum suke daidai ba, kuma ka tambayi masu shirya gasar ƙa'idar awonsu tun kafin ku hau mota. Ka tafi da fiya wata, dabino, ayaba da kunu a jaka, yana sauka daga sikeli ya fara kurɓa kaɗan-kaɗan, kada ya ɗura kwanon fura lokaci guda ya shiga wasa da ciki a cike.

Yaron ledar nan ranar cire masa ita na yi, na zaunar da shi a inuwa ya sha ruwa, na kira babansa na ce Alhaji ajin sama zai yi wasa bana. A 60 ya yi, kuma har yanzu a 60 yake.